Gefen da Ya Kalli Sama

Bishiyar roba ta ɗari da sha bakwai a gangaren Pala,
ita ce iskar damina ta ture shekarar da aka haife ni.
Ba ta faɗi ba. Ta dai karkata,
kamar mai satar jin magana ta bayan katanga,
ta zauna haka shekara ashirin da takwas.

Babana Ittoop shi ke tsaga ta.
Ƙarfe huɗu na asuba, fitila a goshi,
wuƙa mai lanƙwasa, ƙoƙon kwakwa ɗaure da waya,
farin ruwa na bin tsagar, ɗis, ɗis.
Gurguwa yake kiranta.
Ya ce ba ta taɓa yi masa rowa ba.

Bana ruwanta ya ƙafe, aka sare ta tare da sauran.
Varkey mai zarto ya aiko da ƙorafi:
katakon Gurguwa ba ya jin magana.
Yana cije zarto, yana fitowa da gashi-gashi kamar tsohon bargo,
ka ajiye shi a miƙe da dare, da safe ya zama baka.
Ko bencin makaranta ba zai yi ba.

Na karɓi guntu biyu,
ɗaya daga gefen ƙasa, ɗaya daga gefen da ya kalli sama,
na tura su jakar abincina, na hau bas zuwa Kottayam.

A ɗakin bincike aikina yanka ne.
Ina feren itace har ya fi ɓawon albasa siranta,
in tsoma a jan rini, in ɗauraye, in tsoma a shuɗi,
in kwantar kan gilashi,
in sunkuya kan madubin ƙara girma.

Gefen ƙasa ja ne, ɗakuna a jere,
kowanne da bangonsa mai tauri da fili a tsakiya.
Itace kamar kowane itace.

Gefen sama ne ya tsayar da ni.
Shuɗi.
A cikin kowace ƙwaya an sake yaɓa wani bango,
mai kauri, kamar romon da ya kwana ya daskare,
ya cinye filin ɗakin, saura kafar allura.
Abin da ke sa itace tauri kusan babu shi a nan,
zare ne zalla, a miƙe, a ɗaure tam,
duk sun bi tsawon bishiyar.
Hanyoyin ruwa ma sun ragu, sun tsuke,
sun bar wa zare wuri.
Inda wuƙata ta bi, bangon ya saki, ya naɗe ciki,
kamar yatsun da aka ɓamɓare daga igiya.

Ni da na zaci mai karkata daga ƙasa ake tokare shi.
Wannan daga sama take jan kanta,
damina da rani,
ba wanda ya ji nishinta.

Ranar Lahadi bayan coci na nuna masa hoton a waya.
Yana baranda, kafaɗar dama ta fi ta hagu sauka,
haka na san ta tun ina firamare.
Ya nisanta wayar, ya kawo ta kusa,
ya ce, “Shuɗin nan fa? Ni fari na sani.”
Na ce, “Rini ne, Appa, ni na sa.”

Ya daɗe yana kallo, shayinsa ya huce.
Sai ya ce in gaya wa Varkey kada ya sa katakon a wuta,
a kawo masa shi haka, da lanƙwasarsa,
rumfar akuya na neman abin da zai zubar da ruwan sama gefe.

Ya miƙo hannu in tashe shi.
Na kafa ƙafa, na ja.